Raihanatu Mato da Jan Bayan Jariri

Kowace safiya, kafin ta taɓa allura, Raihanatu Mato sai ta ɗumama ruwa ta goge majinyata da hannunta, tana duba su tun daga fatar kai har tafin ƙafa. Ni mai sai da goro ne a bakin asibitin Madawa. Bokona bai yi nisa ba, amma ina son abin mamaki, kuma a wurin wannan ma'aikaciyar jinya na fi samunsa. Bana take aje aiki.

Wata shekara aka kawo jariri daga ƙauyen Allakaye, sunansa Yasin, idonsa rawaya, fitsarinsa kamar shayin da ya daɗe kan wuta. Aka auna zazzaɓin sauro, babu. Aka auna hanta, ba ita ba ce. Jininsa dai raguwa yake. Likita Mahmud ya faɗa wa uban gaskiya: "Ban san mi ke cin jinin yaronga ba tukuna."

Raihanatu ta tuɓe shi za ta goge, sai ta ga bayansa ja wur. Ta juya wajen kakarsa.

"Gogo, mi kunka shafa mishi?"

"Lalle ne, ɗiyata, don zafi. Haka na yi wa ubanshi, ga shi nan ƙato, ya tare miki ƙofa."

"Ubanshi ya tsira, Gogo. Bari mu gani ko ɗan irin jininshi ne."

Da ta gaya wa likita, ya dafe kai. Ya tuna da wani ciwon gado da ba a cika gane shi ba, wanda lalle ke fasa jinin jaririn da ke da shi. Aka wanke yaron, aka ƙara masa jini. Gogo ta fito tana kuka, wai ita ta kashe jikanta.

Raihanatu, ke ce kika biyo ta har gaban faifan gorona, kika riƙe hannunta kika ce, "Ƙauna ce ta sa ki, kuma bai mutu ba." Raihanatu mai ido a hannu, na gode. Ku ƴan baya, ku riƙa tuɓe majinyaci ku duba, ku tambayi tsohuwar da ta rako shi.

Har yau nakan zauna ina tunanin yadda ganye ɗaya ke ƙawata amarya ya kuma kwantar da jariri a asibiti. Yasin kuwa ya zo kasuwa bara da tumakinsa. Ya sayi goro, ya ce in kai miki.