Kafinta da Tantabarunsa

Tun da tsohon kafintan ya ajiye zarto, tantabaru suka zama aikinsa. Shi ya ƙera musu ɗaki a bayan gida, kuma in uwa ta yasar da ɗan shila, sai ya tauna hatsi ya ɗura masa baki da baki. Uwargida ta yi mita har ta gaji. Taurin kai kam, Allah ya ba shi nasa da na maƙwabta.

Sai ga busasshen tari, ga zazzaɓi, ga ciwon kai kamar ana buga masa ƙusa. Ya shanye maganin da aka fara ba shi, ko gezau. Babban ɗansa ya lallaɓa shi suka koma asibiti.

Likitar ta saurari ƙirjinsa, ba ta ji wani abin kirki ba, amma hoton ƙirjin da aka ɗauka ya nuna hazo a huhu. Ta ce, "Baba, ciwon huhu ne, sai dai ba irin wanda aka saba ba, shi ya sa maganin bai ci shi ba. Kafin gwajin jini ya fito, ka taimake ni. Kana kiwon tsuntsaye?"

Tsohon ya san ɗan nan ya daɗe yana neman dalilin raba shi da tantabarun. Ya dubi likita ido cikin ido ya ce, "Ko kaza ba ni da ita." Ya harari ɗan, ɗan ya haɗiye maganarsa.

Daga bayan ƙofa, inda uwargida ke jira a benci, tari ya taso, busasshe irin nasa sak. Tun da ya kwanta ita ke share masa ɗakin tantabarun. Tsohon ya waiga wajen ƙofar.

"Ina da su," ya ce. "Da bakina nake ciyar da su. Ki fara duba ta."

Likitar ta ce ƙurar busasshen kashinsu ke ɗauke da ƙwayar cutar, ta sauya magani, ta hana ɗurar baki da shara ba a yayyafa ruwa ba.

A hanya ɗan ya ce, "Gobe zan kira mai saye, Baba."

"Likitan dabbobi za ka kira. Ni da na kamu, sayar da ni ka yi?"

Da ya samu sauƙi ya ɗaure hanci da baki, ya ɗauki bokiti, ya karɓe tsintsiyar daga hannun uwargida. Har ya bar duniya bai sake barin ta taka ɗakin nan ba.