Wanda Ya Ɗauko Fartanyun

A gidanmu na Montreuil babu murhu, amma Kakata Hajiya Tabawa ba ta taɓa yarda da haka ba. Da an idar da magariba sai ta jawo darduma jikin na'urar ɗumama ɗaki, ta miƙe ƙafa, ta ce da ni, "Maigida, zo mu ji wuta." Daga ƙauyenmu na ƙasar Damagaram aka kawo ta neman maganin ido, ta shekara biyu tana yi wa sanyin Paris tsiya.

Cikin labaran da take ba ni a nan, na fi son na mahaifinta, Maƙeri Ɗan'azumi. Lokacin yaƙin Nasara, aka aiko kowane gari ya ba da mazaje, sunansa ya fito, ga damina ta kusa, ga shi babu wani maƙeri a garin. Dattawa suka rasa kalmar da za su kai wa kwamandan Nasara mai ɗibar sojan. Sai suka bi gida gida suka tattara duk fartanya da garmar da ta karye, aka ɗaure dami guda, aka zube a ƙofar ofishinsa.

"Sai Liman ya ce, ranka shi daɗe, in ka ɗauke shi, wa za shi gyara waɗanga? Nasara ya yi ta kallon ƙarfe, ya soke sunan Baba!" A nan Kaka take tafa hannu, ni kuma in yi ta tsalle a kan kujera.

Wata rana shegen surutuna ya sa na tambaye ta wa ya ɗauko kayan, tunda dattawa ba su iya ɗaukar ƙarfe. Ta daɗe tana murza carbi.

"Tanko ne. Ƙodago yake yi a gonakin mutane, ba shi da tashi gonar. Kwamandan ya ce lissafi sai ya cika, ya dubi ƙirjin Tanko ya nuna shi. Tanko ya ce matatai na da ciki, kuma shi ke nome rabin gonakin gari. Tafinta bai ma juya maganar ba." Ta ce dattawa sun koma gida da maƙerinsu da fartanyunsu, babu wanda ya buɗe baki. Tanko bai dawo ba.

Yanzu a Lyon nake aiki, Kaka kuwa ta daɗe da rasuwa. Bara na je wata maƙabartar sojojin Afirka a bayan gari, na bi kaburbura ina karanta sunaye. Can na gane ko sunan uban Tanko ban sani ba, kuma kunya ta kama ni, don shekara da shekaru ina yi wa labarin nan tafi.

Na tsaya na yi masa addu'a a kan wani kabari marar suna. An samu mai yi wa fartanya magana a gaban Nasara, amma ba a samu mai yi wa wanda ya ɗauko ta ba.