Benci Huɗun da Aka Ceto

Lambun shaƙatawa na garinmu bai taka kara ya karya ba: bishiyoyi 'yan kaɗan, lilo ɗaya mai ƙara, matakala bakwai da ke gangarawa cikin kogi, sai benci goma sha biyu. Mai kula da shi kowa Baba Baro yake ce masa, don ba a ganinsa sai da baronsa. Matarsa kan ce ko ranar aurensu da an bar shi da baron zai zo.

Shekara ashirin da shida ya yi yana shara da ban ruwa, amma abin da yake taƙama da shi ɗaya ne: kogi bai taɓa cin benci ko guda a hannunsa ba. Duk damina yakan zuba wa matakala ido. Da ruwa ya taɓa ta uku, sai ya ɗora bencin a baro ɗaya bayan ɗaya, ya kai su tudu bayan ɗakin ajiya, ko da kuwa mutum na zaune sai ya tashe shi. Ya sha zagi a kan haka, ni ma na taɓa yi masa tsaki.

Saura wata takwas ya yi ritaya aka kawo sabon jami'i, matashi mai son tsari. Ya ga benci yau nan gobe can, abin bai yi masa ba. Ya sa aka zuba siminti a bakin ruwa, aka ɗaure ƙafafun kowanne da noti.

"Yallaɓai, ruwan nan yana hawowa fa," in ji Baba Baro.

"Baba, ai shi ya sa muka ɗaure su. Ka huta da dako."

Tsohon ya tura baronsa ya wuce. A gida ne ya yi ta mita har matar ta ce, "Malam, bencin nan gadonka ne?"

Wata Laraba da hantsi ruwa ya taɓa matakala ta uku. Baba Baro ya je ofis, aka ce jami'i ya tafi taro sai jibi. Ya biya wurin mai gyaran keke ya aro sifana, ya durƙusa a kan simintin ya fara kwancewa. Notin sun yi tsatsa, kowane benci kuma guda takwas gare shi. Mu da ke tsaye a kan tudu muka yi ta ba shi shawara, wadda ba ta kwance noti. Da la'asar ruwa ya kai masa gwiwa, yana laluben notin benci na biyar da hannu a cikin laka, sai 'yarsa ta shiga ta janyo shi tana faɗa.

"Baba, so kake ka mayar da mu marayu a kan katako?"

Huɗu ya fitar. Sauran takwas ɗin kogi ya fizge su har da simintin, ya bar rami.

Da jami'i ya dawo, ya zagaya, ya rubuta rahoto. Takwas da suka tafi aka ce ambaliya ce, ba laifin kowa. Huɗun da suka tsira kuwa, an kwance su ba da izini ba, kuma an lalata notin hukuma. A kansu aka ba Baba Baro takardar tuhuma, aka karɓi makullai, aka ce ya zauna a gida har kwamiti ya zauna. Abin ya ba ni haushi, amma ban ce wa kowa komai ba, kamar sauran mutanen gari.

Kwamitin bai zauna ba har ranar ritayarsa ta zo ta wuce. Benci huɗun suna kulle a ɗakin ajiya a matsayin shaida. Shi kuwa yana zuwa lambun kullum da yamma, ya shimfiɗa buhu ya zauna a ƙasa.