Mai Kitson da Ba Ta Taɓa Yi Wa 'Yarta Kitso Ba

Wata rana... kai, wace irin wata rana, yau ɗin nan fa abin ya faru! Ko kayan makaranta ban cire ba. Yayata da ke koyon aikin nas ce ta dawo daga asibiti ido jawur ta ba mu labarin, na ce wallahi sai kun ji kafin in ci abinci.

Akwai wata mata mai kitso, sunanta Hansai.

In kin ga shuku ya zauna daram a kan amarya a unguwarsu, to hannunta ne. Jajiberin sallah har layi ake yi a tsakar gidanta.

Amma 'yarta ɗaya tilo, kanta kullum a cukurkuɗe.

Ku tsaya ku ji dalili.

Hansai ta haihu sau huɗu, duk mata, duk suka koma. Babu wadda ta kai yaye.

Da ta haifi ta biyar, sai Gwaggo Tabawa, yayar baban mijinta, ta ɗaga jaririyar ta jujjuya, ta taɓe baki.

"Ita ce dai. 'Yar wabi ce, zuwa take tana komawa. Ta ga ana rawar jiki a kanta ne shi ya sa take muku iya shege. Wannan karon kada ki kuskura ki nuna kina so. In ta ga ba a damu da ita ba, ko don haushi za ta zauna."

Aka ɗan tsaga mata kunne, wai ko ta sake komawa a gane ta in ta dawo. Aka kai ta kan juji aka ajiye, wata maƙwabciya ta ɗauko ta kamar tsintuwa. Sunan yankanta Suwaiba, amma aka hana kowa faɗa. Ayashe ake ce mata. Ko a makaranta haka aka rubuta.

Hansai ta bi. To ya za ta yi? Sau huɗu tana ninke kayan jarirai tana mayarwa akwati.

Yarinya ta yi rarrafe. Ta yi tafiya. Ta wuce yaye.

Hansai ta ce a ranta, lallai maganar Gwaggo ta ci. Sai ta ƙara ɗaure fuska.

Ba goyo sai dole. Kayan sallah sai kwancen 'ya'yan dangi. In Ayashe ta zo ta raɓa jikinta, sai ta ce, "Ke, matsa can." Daga nan ta shige madafa ta yi ta hawaye, in an tambaya ta ce hayaƙi ne.

Kitso kuwa, yarinyar ce ke zama a gefe tana miƙo mata kibiya da mai, tana kallon yadda ake gyara kan 'ya'yan mutane. Nata kan, sai in maƙwabciya ta ji tausayi ta kama mata manya guda biyu.

Yaran layi kuma ba su bar ta ba. "Ayashe mai zuwa da komawa! Sau nawa kika mutu?"

Hansai tana jin su daga ɗaki. Ta cije leɓe. Ba ta taɓa fita ta kore su ba, kada yarinyar ta gane.

Shekara tara a haka, jama'a!

Makon jiya wani ciwon ƙashi da ke yawan taso wa Ayashe ya zo da ƙarfi, har ya kama ƙirji. Aka kai ta asibiti, aka auna jini aka ce sikila ce. Likita ya ce da wuya in ba ita ce ta ɗauke yayyenta ba. An ƙara jini, an sa mata robar numfashi a hanci. Yau da hantsi likitan ya ja Hansai gefe ya ce a dai ci gaba da addu'a.

Kun san me ake nufi in likita ya faɗi haka.

Duk da haka Hansai ba ta matsa kusa da gadon ba. Tabarmarta ta shimfiɗa can bakin ƙofa, ta ba da baya. Gani take in ta taɓa ta yanzu, shi ke nan, ita ta sallame ta.

Yayata tana gyara ƙarin ruwa sai ta ji yarinyar ta yi magana, murya can ƙasa.

"Inna."

"Mene ne kuma?"

"Malamar Islamiyya ta ce Allah Ya fi uwa son ɗanta."

"Haka ne."

"To ni da uwata ba ta sona, in na je wa zai karɓe ni? Ko Shi ma korata yake yi, shi ya sa nake ta dawowa?"

Yaya ta ce Hansai ba tashi ta yi ba, da rarrafe ta iso gadon.

"Ba ki taɓa zuwa duniya ba sai wannan karon. Su huɗu ne, kowacce da fuskarta, ni na haife su na sani. Ke sau ɗaya Allah Ya ba ni ke, kuma bai taɓa korar ki ba. Ni ce tsoro ya ci ni, Suwaiba."

Yarinyar ta dube ta.

"Wace ce Suwaiba?"

Wayyo Allah. Yaya ta ce duk matan ɗakin sai da suka rufe fuska da mayafi.

"Ke ce," in ji Hansai. Ta hau gadon ta ɗora kan yarinyar a cinyarta. Ta ce a nemo mata kibiya. Ina za a samu kibiya a ɗakin marasa lafiya? Yaya ta zare murfin bironta ta miƙa mata.

Da shi ta tsaga kan.

Kuma kun san me? Ta yi murmushi! Wallahi Suwaiba ta yi murmushi, har tana tambaya wai shuku ne irin na amare? Aka ce mata eh, irinsa sak.

Likita dai bai canza maganarsa ba. Ya sake zagayowa, ya duba, ya fita.

Matar da ke gama kai kafin a sauke tukunya, tun hantsi har Yaya ta taso da la'asar ko rabi ba ta kai ba. Ƙanana-ƙanana take yi, siri-siri kamar zare.

Ba ta so ya ƙare.

Darasi: Babu wanda yake zuwa duniyar nan sau biyu. Kowane yaro sau ɗaya ake ba ki shi, kuma daga hannunki yake fara jin labarin ƙaunar Allah. Ɓoye so ba ya tsare rai, kwanakin kawai yake cinyewa.

Don Allah ku tura wa duk wata uwa da kuka sani, da duk gidan da har yanzu ake ce wa yaro ɗan wabi. Wanda ya karanta kuma ya sa Suwaiba a addu'a. Da sunanta na gaskiya fa.