Alkawarin wanka

Ɗana ya ce garin akwai araha. Kalmar da ya riƙa buga mini a waya ke nan har ta gundure ni: araha, araha. Wai ƙaramin gari ne a bakin teku a ƙasar Sifen, haya ba tsada, kifi kamar kyauta, ranar kasuwa manoma su cika fili da tumatir da lemo, shi ma yana da teburinsa a ciki. Wai har tsofaffin Turawa daga ƙasashen sanyi can suke komawa su ƙarasa kwanansu. Na ce masa araha ba ta ado, kuma ni ban ce tsadar Tamale ta kore ni ba. Ya ce, "Mma, gwiwarki fa? Tun da Baba ya rasu wa ke duba ki?" Gwiwar kam gaskiyarsa ce.

Abin da bai sani ba, akwai alkawari a wuyana. Ni da ƙawata, wata Badagomba 'yar Kukuo da aure ya kawo unguwarmu Sabonjida, mu ke wankan gawar mata a unguwa tun yaranmu suna goye. Ba sana'a ba ce, don Allah ake yi. Ni nake wankewa, ita take zuba ruwa. Wata rana muna dawowa daga unguwar Sakasaka, inda muka tarar da wasu mata sun yi wa wata tsohuwa wanka gaggaf-gaggaf, suna hira a kanta, zane yana zamewa ba mai gyarawa, ƙawata ta tsaya a bakin titi ta kama hannuna. Ta ce, "Duk wadda ta riga, ɗayar ce za ta wanke ta." Na ce na yarda. Ita ba ta da 'ya mace, kuma ta girme ni.

Na tambayi ɗana, can wa ke wanke mutane? Ya ce akwai kamfani mai kula da wannan. Kamfani! Na kashe wayar kafin bakina ya yi ɓarna.

Amma yaro ya nace, kuma na gaji. Wallahi gajiya ce ta sa na amsa, ba sha'awar teku ba. Na gaji da kwana ni kaɗai a gida mai ɗaki huɗu, na gaji da jiran jikan maƙwabta ya ɗebo mini ruwa. Sai kuma neman takardu ya ƙarasa ni. Na je Akra na dawo, na sake komawa, doguwar mota tana niƙa mini ƙugu, a can kuma a ce ki zauna, ki tashi, ki danna yatsa, ki ja mayafi baya a ga kunnenki. Kunnena me ya yi musu?

Duk wannan zirga-zirga ban gaya wa ƙawata ba. Kullum sai in ce gobe. A bakin mai koko ta ji. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi, da na samu abin ramawa. An yi rasuwa a bayan masallaci muka je tare, ta zuba ruwa na wanke, muka fito, ta tare yalo-yalo, keken hayar nan mai ƙafa uku, ta hau ta bar ni tsaye.

Ana gobe zan tafi, da hantsi, ina zaune kan jaka ina fama da zik, sai ga ta da bokiti da sabulu. Ta jawo kujera 'yar tsuguno tsakar gida, ta zauna, ta cire ɗankwali.

"Zo ki tsefe mini, ki wanke mini kai," in ji ta.

"Yau? Ba kya ganin kayan nan?"

"Kayan ba za su gudu ba. Ke ce mai gudu."

Na tsefe mata kitson, gashin duk ya yi fari ya yi laushi, ban san ya ƙare haka ba. Na ɗebo ruwa a randa na fara zubawa.

"Da dama kika fara," ta ce, kanta a sunkuye.

"Hannu ne ya saba."

"To, kai dai ya samu. Sauran jikin sai wadda Allah ya kawo."

Na ce, "Yaya, ki bar wannan maganar." Na ci gaba da cuɗawa a hankali, bayan kunne, ƙeya, yadda na san take so a yi wa mutum. Hawaye suna zuba mini cikin kumfa, ban share ba, hannuwana duk sabulu.

Can ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Kai, ruwan nan da sanyi! Kashe ni za ki yi?"

Na tsaya da moɗa a hannu. Duk matan da na wanke a unguwar nan, ba wadda ta taɓa ce mini ruwa ya yi sanyi. Na rufa mata zane a kafaɗa, na shiga madafa. Tukwanen duk na rabar, sai wata tsohuwar buta da ba wanda ya so. Na hura gawayi na ɗora ta, na tsaya ina fifita, ita kuma tana zaune tsakar gida da kumfa a kai tana jirana.