Allon 'Yar Damagaram

A shekarar da na karɓi takardar Yaƙi da Jahilci, ƙanen maigidana ya dawo daga Damagaram, inda yake fataucin goro, ya kawo mini 'yarsa riƙo. Ni maza uku Allah ya ba ni, ba mace, don haka ranar har kaza na yanka. Shekarunta ba su wuce tara ba, ta kuma yi uku daga cikinsu a makarantar Faransawa.

Muka sa ta a elementare ta nan Tudun Wada, aji uku, tare da babban ɗana. Wata guda bai cika ba hedimasta ya aiko cewa yarinya ba ta amsa komai, ba Turanci ba, ba lissafi ba, sai dai a mayar da ita aji ɗaya. Ubanta ya ce shi kuwa ba zai yarda ba. In ya dawo bayan an cire gyaɗa ya tarar da ita cikin masu majina, zai koma da ita wurin kakarta. Tun daga ranar tuwo bai ƙara yi mini daɗi ba.

Wata rana bayan la'asar ina dama fura, na ce ta ɗauko allonta da alli.

"Bakwai sau shida, nawa ne?"

Ta sunkuya ta rubuta, ta kife allon a cinya, ta harɗe hannuwa. Na jira. Ita ma ta jira.

Ɗana ya ce, "Kin gani ko, Inna? Haka take yi wa Malam, sai ka ce an ba ta ajiyar bakin."

Na ce ya yi mini shiru. Da na gaji da jira na koma kan aikina, na ƙwanƙwasa ludayi a bakin ƙwarya don furar ta kakkaɓe. Sai na ga allo a sama, ta ɗaga shi da hannu biyu bisa kanta. Arba'in da biyu, rubutu kamar an ɗinka.

"'Yata, tun ɗazu kin sani kika ƙi faɗa?"

"Ai ba ki ƙwanƙwasa ba, Inna."

A hankali na ja ta da magana. Ashe a makarantarsu ba mai amsawa da baki. Malami ya yi tambaya, kowa ya rubuta ya kife, sai ya bugi tebur sannan a ɗaga alluna gaba ɗaya. Wanda ya riga bugun, shi ake bugu. Wata guda ke nan tana rubuta amsa tana jiran Malam ya bugi tebur, shi kuma yana jiran ta buɗe baki.

Ɗana ya yi dariya har ya kwanta. Ta harare shi ta ce, "Ku fa? 'Ni Malam, ni Malam,' kamar awaki a kasuwa, rabinku ba su ma san amsar ba."

Washegari na tafi wurin matar hedimasta, wadda ita ce ta koya mini baƙi da fari. Ta kira mini shi, na durƙusa na gaishe shi, na fito da ludayina daga mayafi.

Ya ce, "Fura aka kawo mana?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, gwaji nake roƙo. Ka tambayi 'yar tawa, sannan ka buga wannan."

Ya yi murmushi ya ce rularsa ma ta isa. Ranar duk lissafin da ya ba ta sai da ta cinye. Ya ce ta zauna a aji uku, da sharaɗin ta kamo Turanci kafin kaka.

To, nan muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. In nuna abu, ɗana ya rubuta sunansa da Turanci, ita da Faransanci, in ƙwanƙwasa, su ɗaga, sannan su yi musayar alluna. Ni ba na jin ko ɗaya, amma ludayin a hannuna yake. 'Ya'yan maƙwabta suka fara leƙowa. Bafullatanar da ke kawo mini nono ta riƙa barin 'yarta. Wani falke daga Bebeji ya aiko 'ya'yansa biyu, wai ya gaji da yi wa jandarma, 'yan sandan Faransawa, magana da hannu a kan iyaka.

Da muka cika gidan, har maigida ya rasa inda zai ɗaure jaki, hedimasta ya ba mu aji guda kowace Alhamis bayan an tashi. Rabin lokaci Turanci, rabi Faransanci. Shi kansa yakan zauna a bencin baya da nasa allon, in ya kuskure 'yar tawa ta sunkuyar da kai ta gyara masa.

Ranar Alhamis ubanta ya iso, buhunan gyaɗa na kan hanya. Ya tsaya a taga yana kallo har aka tashi. Da ta fito ta gaishe shi da Hausa, ta ƙara da Turanci.

Ya dube ni ya ce, "Yaya, na zo da niyyar tafiya da ita."

Na ce, "Na sani."

"To, in na tafi da ita, wa zai gyara wa hedimasta?"

Ya buɗe jakarsa ya ba ni ƙwaryar goro. Da ya koma Damagaram kuma sai ya aiko mana da kwalin alli.