Sallar da na ja wa ƙanina

Ina cikin ɗinka wuyan wata riga a shagona na Ƙofar Wambai, an kusa kiran la'asar, sai mai rigar, wanda ke zaune kan benci yana jira yana latsa waya, ya ce, "Kai, duniya! Wani ya faɗa dam ɗin Gubi. Duba nan, tela." Ya miƙo mini wayar. Bai san ni ba, ranar ya fara kawo mini ɗinki.

Babu gawa a hoton. Takalma ne guda biyu a jere a bakin ruwa, da hula a kansu, da ƙaramar waya a cikin hular. Na san hular, ni na saya wa ƙanina a sallar da ta wuce. A saman hoton an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ana zargin wani magidanci ya kashe kansa saboda ƙuncin rayuwa. Na mayar masa da wayarsa, na ce ya dawo gobe.

Ƙanina lambu yake yi a gefen dam ɗin, tumatir da albasa da ɗan alayyafo. Duk wanda ya taɓa yin alwala a bakin ruwa ya san yadda ake yi. Ka cire takalmi, ka cire hula saboda shafar kai, ka sa waya a ciki kada ta jiƙe. Kuma yana da farfaɗiya tun yana yaro. Ba kullum take tashi ba, wani lokaci sai a shekara ba a gan ta ba. Innarmu ta hana a faɗi wannan a waje, har ya girma ya yi aure ya haifi 'ya'ya mata biyu ba ta janye hanin ba. Takan ce mutane ba sa mantawa da irin wannan ciwo, jikoki ma sai an nuna su da shi. Manoman da suka tsamo shi sun ce mini hannun rigarsa a naɗe yake har gwiwar hannu.

A gidanmu, in aka yi rasuwa, dattijo ake turawa wurin uwa. Ya zauna, a gaisa, ya ce jiki ya yi tsanani, ya bar ta ta iso wurin maganar da kanta. Inna ba ta samu wannan ba. Kafin in isa gida, wata maƙwabciya ta riga ta shiga da waya a hannu tana salati, ta karanta mata har da abin da mutane suka rubuta a ƙasa. Na tarar da ita zaune a ƙofar ɗaki, ba ta kuka. Ta ce, "Babba, wai ɗana ɗan wuta ne?"

Washegari da safe aka shirya shi. Muna fito da makara, limamin unguwarmu ya ja ni gefe. Mutum ne mai kirki, shi ya raɗa wa 'ya'yan ƙanina suna. Ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, za a yi masa salla, wannan haƙƙinsa ne. Amma a irin wannan hali, limamai sukan ja da baya don a tsawatar. A samu wani ya ja."

Na ce, "Allah gafarta Malam, alwala yake yi."

Ya ce, "Allah Ya sa haka ne. Ni ban ce ya aikata ba. Amma gari ya gani, ni ma an nuna mini."

Kalma ɗaya ta rage in faɗa masa. Na waiga, ƙofar gidanmu a buɗe, na san Inna na bayan labule. Ban faɗa ba.

Ni na ja sallar, ni da ban taɓa jan ko sallar gida a gaban manya ba. Ƙanina mutum ne mai jama'a, duk kasuwar kayan miya an san shi, amma sahun bai kai yadda na zata ba. Wasu sun tsaya daga nesa, a inuwar shaguna. Na hango waya a sama a hannun wani, yana ɗauka.

Bayan an share makoki na nemi mai shafin da ya fara saka hoton. Bai yi wuyar samu ba, ofis ne ɗan ƙarami a saman wani shagon sayar da waya. Saurayi ne mai fara'a, ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya aika a kawo mini ruwa mai sanyi, ya yi mini ta'aziyya yadda ya kamata. Na tambaye shi ko ya je Gubi ranar. Ya ce a'a, turo masa aka yi. Na ce wa ya gaya masa ƙuncin rayuwa? Ya ce, "Haba Baba, wa ba ya cikin ƙunci a ƙasar nan?" Abokin aikinsa ya yi dariya, sannan ya tuna da ni ya haɗiye ta.

A nan na karya hanin Inna. Na gaya masa ciwon, da naɗaɗɗen hannun riga, da komai. Na ce ba na neman komai a wurinsa sai ya sauke abin, ya rubuta cewa kuskure ne.

Ya saurara sosai, har idonsa ya yi haske. Ya ce, "Baba, wannan ai ya fi na farko. Amma in na rubuta layi biyu na ce mun yi kuskure, wallahi ba mai karantawa. Mutane fuska suke so. Ka kawo mana Hajiya mahaifiyarku, ko mu mu zo gida, ta zauna ta faɗa da bakinta, yadda ciwon ya fara, yadda ta ɓoye shi. In ta yi hawaye kada ku hana ta. Kwana ɗaya Bauchi za ta wanke shi."

Na ce, in ba ta yarda ba fa?

Ya ce, "To ni da me zan kare kaina? Maganarka ce kawai, kai kuma ɗan'uwansa ne."

Ya raka ni har ƙasan bene, ya ce in gaida gida.

Na san gaskiya ya faɗa game da mutane, shi ya sa abin ya fi ciwo. Babbar 'yar ƙanina ta daina zuwa Islamiyya saboda abin da yara ke ce mata. Matarsa ta gama takaba ta koma gidansu da ƙaramar. Inna ta rame, kullum carbi na hannunta, kuma duk wanda ya shigo gaisuwa sai ta dubi aljihunsa tukuna, ko da waya a ciki. Ba ta san na faɗa wa wani ciwon ba.

Saurayin ya kira ni sau da yawa, cikin ladabi, yana tambaya ko Hajiya ta shirya. Nakan ce masa tukuna. Har yau ban kai wa Inna maganar ba, kuma ban ce masa a'a ba.